Farfelar da Ta San Girman Manya

Allah Ya bar mana Baban Farfela, mutumin da ko tari ya yi sai ma'aikata sun miƙe tsaye. Tun da gwamnati ta ɗora shi a kan aikin samo wutar lantarki daga iska, ya daina cewa iska ta taso. Sai dai ya duba agogo ya ce, "Yarinyata ta fito aiki."

Ya kafa mana wani zanƙalelen ƙarfe a bayan unguwa, mai farfela mai fukafukai uku, ya ce ranar da ya fara juyawa mun yi sallama da duhu. Muka goge ƙwayayen wutarmu, muka zauna jira. Shi kuwa kujerar gaba ta babban muƙami yake hange, wadda aka ce babban baƙo zai ba shi in wuta ta kama ranar buɗewa.

To, bawan Allah, don tsabar tawali'u, sai ya sa aka zana hotonsa a fiffike ɗaya, da hula da murmushi. Ranar gwaji iska ta kaɗa, farfela ta juya, sai ga Baban Farfela kai a ƙasa, haɓa a sama. Mu matan unguwa muka yi dariya har da riƙe ciki.

"Wannan raini ne!" in ji shi. "Ni za a riƙa yi wa adungure a gaban talakawa? Ku kirawo mai walda."

Aka liƙe ta ƙam, hoto a sama, hula daram.

Ranar buɗewa iska ta zo da gaske. Ta kwashe rumfuna, ta yi gaba da kujerun roba. Baban Farfela ya dafe hula, ya ɗaga murya: "Jama'a, kun dai ga yadda take amsa kirana!"

Babban baƙo ya danna maɓalli. Shiru. Ya ɗaga kai, farfela ko gezau.

"Malam, me ya hana ta juyawa?"

"Tarbiyya ce, ranka ya daɗe. Ba ta wasa a gaban manya."

Baƙo ya kaɗe rigarsa, ya shige mota, kujerar gaba ta bi shi.

Har yau da tocila muke laluben takalmanmu. Amma kada a ce aikin bai amfani kowa ba. Tsuntsaye sun sami mazaunin da ba ya girgiza, kuma kullum safiya sai sun ajiye wa mai gida farar gaisuwarsu a kan hula. Shi kuwa yana nan yana murmushi.