Ranar da Na Yi Kyautar Ɗana a Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi kyautar ɗana sukutum a layin asibiti ba, alhali ba wanda ya roƙe ni. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baffa shi ne ɗana na fari, kuma yana da sikila. Sunan marigayi surukina ya ci, shi ya sa muke ce masa Baffa. Ni malamar firamare ce a Funtua, dangin mijina kuwa mutanen wani ƙauye ne ta wajen Danja, Fulanin da suka ajiye sanda suka kama fartanya, amma ba su ajiye kunya ba. A wurinsu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ko an tambaye ta sai ta ce ɗan wance ne. Tun ina amarya labari ya iso mini cewa wai ni 'yar boko ce, idona a tsaye yake. Maganar ta tsaya mini a rai, na ƙudurta sai na nuna musu har Fulanin ma na fi su kunya.

Ana nan sai muka ji wani asibitin yara yana bincike kan masu sikila. Likitoci ne iri-iri suka haɗu: na jini, na ƙwaƙwalwa, na zuciya, na ido, kowa zai duba yaro ta fanninsa. Wanda suka ga yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki za su ɗora shi a kan magani su riƙa bibiyarsa. Abin da ke hana ni sukuni ke nan, domin da damina hannun Baffa na hagu ya taɓa sakewa, ya wuni bai iya riƙe cokali ba. Mijina yana tsakiyar girbin masara, sai surukata Hajiya ta ce za ta raka ni.

Da layi ya zo kanmu, nas ta ɗago kai ta ce, "Wace ce mahaifiyar yaron?"

Ga dama ta samu. Na sunkuyar da kai, na ja gyale na rufe rabin fuska, na nuna Hajiya da haɓa. "Nata ne," na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba.

Na zaci nas za ta yi dariya ta ce, "Ɗan fari ne ko?" Ina, mutane sun yi mata yawa. Hajiya kuma mace ce mai jiki mai kyau, ba ta tsufa ba, sai nas ta ɗauka autanta ne. Ita ma Hajiyar (Allah ya ƙara mata lafiya) da ta ji iyaye mata ana gwada musu jini da hawan jini, sai ta gyara zama ta miƙa hannu. Dama ta daɗe tana kukan jiri.

Aka shiga tambayoyi, ina tsaye riƙe da jaka kamar 'yar rakiya. A ina aka haife shi? Hajiya ta ce a ɗaki, ita kaɗai (a asibiti na haife shi, da tiyata). Wani sashen jikinsa ya taɓa sakewa? Ta ce ko sau ɗaya, ai jinin gidansu ƙarfe ne. Ba ƙarya take yi ba, labarin nata 'ya'yan take bayarwa, zancen hannun kuwa ban taɓa gaya mata ba. Bakina ya yi nauyi. In na buɗe shi yanzu, 'yar boko ta fito fili. Na ce a raina zan gyara daga baya, muka hau mota muka dawo ina jin kaina wata gwanar tarbiyya.

Da muka koma karɓar sakamako, ba layi aka sa mu ba. Wani ɗaki aka kai mu, likitocin nan duk suna zaune, kowa da takarda a gabansa. Babbarsu, likitar jini, ta dubi Hajiya cikin ladabi.

"Hajiya, mun rasa gane kan abin nan. Yaro ba ya samun sikila sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, ke kuma babu ko alamarta a jininki. Mun maimaita gwaji, mun tsare masu ɗakin gwaji da tambaya ko sun haɗa kwalabe. Ko dai an yi musanyar jariri, ko akwai abin da ba a gaya mana ba. Kafin mu gano, dole mu cire yaron daga binciken."

Cire shi. Na dubi Baffa yana wasa da igiyar takalminsa da wannan hannun na hagu. Gumi ya karyo mini har bayan gwiwa.

"Ni ce," na ce.

"Ke ce wa, Malama?"

"Ni na haife shi."

Likitan ƙwaƙwalwa ya cire tabarau ya aje. Likitar jini, da ta riga ta daina yarda da mu, ta ce to in faɗi sunan yaron na yanka da sunan ubansa, ta gwada da katinsa na asibiti. Haka na tsaya a gaban surukata na ce, "Haruna Sani." Sunan ɗan fari, sunan mijinta marigayi, da sunan mijina, duk a numfashi ɗaya. Kunyar da na yi shekaru ina tarawa ta zube a tsaye.

Tunda na riga na jiƙe, sai na faɗi zancen hannun ma. Nan likitan ƙwaƙwalwa ya miƙe, ya ce a ranar za a duba jijiyoyin kan yaron. Aka duba, aka ce yana cikin waɗanda ake tsoron, aka fara masa magani. Ba wanda ya zage ni, kuma wallahi da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi.

A motar dawowa, da muka kusa gida, Hajiya ta juyo ta dube ni. "Ke 'yar nan," ta ce, "kunyar ɗan fari a tsakar gida ake yin ta. Mu ma da muka gada, in yaro ya kwanta ajiye ta muke yi. Kin sa an zuƙe mini jini a banza, kuma jirin yana nan."

Darasin da na koya, a makare: duk wanda ya ari kunyar da ba tasa ba, sai ya yafa ta inda masu ita suke tuɓewa. Yanzu in nas ta tambayi uwar yaro, tun ba ta rufe baki ba nake ɗaga hannu, har sai ta ce, "Mun gan ki, Malama, zauna."