Ni da Kan Yumɓu

Ba zan taɓa mantawa da zangona na farko a Sakkwato ba, lokacin da aka turo ni daga Zariya in koyar da zane a wata sakandare. Ɗaki ɗaya na kama a Unguwar Rogo, ban san kowa ba. A makaranta kuwa malamai sukan haɗa kwano su ci tare lokacin hutun tara, ni sai dai a amsa mini sallama a ci gaba da hira. Wallahi abin yana ci mini rai.

Da muka zo darasin sassaƙa, na rasa yadda zan bayyana wa ɗalibai. Sai na sayo yumɓu na gina kan mutum, na ɗora a tebur. Na ce, "Zane fuska ɗaya gare shi. Sassaƙa kuwa abu ne mai jiki, ka zagaya shi, ka duba gabansa da bayansa." Suka gane. Malamai kuma suka ƙara ja baya, wai na kawo gunki.

Kan yumɓun nan ya ci gaba da zama a ɗakin zane, ni ma can nake cin abincina. Tun ina kallonsa, har na fara yi masa magana (kada ku yi dariya, ya fi kowa saurare a garin nan). Na sa masa suna Tanko.

Ranar wata Laraba ina zaune na ba ƙofa baya, na miƙa masa ƙosai na ce, "Ci mana, Tanko. Kai kaɗai ke kula ni a makarantar nan."

"Malam, da wa kaka magana?"

Na juya. Malam Bello ne, mataimakin shugaban makaranta, da malamai uku a bayansa. Ashe sun zo ne su kira ni mu ci tare, karo na farko. Ƙosan yana hannuna, daidai bakin Tanko.

Malam Bello ya dube mu ya ce, "Ashe kana da baƙo. Mu tahi, kar mu katse musu hira."

Ba su sake zuwa ba a zangon nan. Ni da na koya wa yara a duba gaba da baya, ban taɓa waiwaya nawa bayan ba. Yanzu ko da mutum nake magana, sai na fara duba ƙofa.