Bututun Teku a Ruma

Da kamfanin mai ya sallame mu na koma garinmu Ruma, aka ce in ja ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa masallaci. Ni da na saba lissafin bututun ƙarƙashin teku? Na buɗe kwamfuta, na bar ma'aunin zafi a sanyin teku yadda na saba, har na ce ba sai an binne bututun ba.

Da ranar bazara ta gasa shi, sai ya lanƙwashe kamar maciji, ya fashe a ƙofar gidan Kawu, wurin duk ya zama taɓo.

Yanzu 'yan bindiga sun koro mu Batsari, har taɓon nan kewarsa nake. Kullum na durƙusa gaida Kawu sai ya ce, "Injiniya, in Allah ya mai da mu gida, tekun za ka fara jawo mana."