Yunwar Da Na Ara

Ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanwata Rukayya ba, kuma ko na so in manta, yaran layinmu ba za su bar ni ba. Har gobe in na zo wucewa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ka samu ka ci yau?"

Uwata, wadda duk Zongo ke kira Mma Salamatu, wache take sayarwa (shinkafa da wake irin namu na Kumasi, da shito, wato miyar barkono, da taliya da dafaffen ƙwai). Tun kafin in yi wayo tukunyarta ke kan wuta a bakin titi. Direbobin trotro, ƙananan bas ɗin haya, masu zuwa Tafo sukan tsaya da fasinja a ciki don su saya, ana zaginsu suna jiran a ƙara musu miya. Abin da take alfahari da shi a duniya ɗaya ne: ba yaron da ya taɓa tsayawa gaban teburinta ya tafi da yunwa, da kuɗi ko babu. Ni ɗanta na fari kuwa, wanda ya gan ni ya ga shaida. In tela zai auna ni, sai ya ce in riƙe masa bakin awon ya zagayo ta baya.

To, ni ne nan Allah ya jarrabe ni da son zama mawaƙin rap.

Waƙata ta farko ta godiya ce. Na ce alhamdulillahi, muna lafiya, Zongo da daɗi, ranar Sallah kowa ya yi ado. Na kai wa abokina Awudu, wanda ke da ɗan situdiyo a bayan shagon aski. Ya saurara har ƙarshe, ya cire abin kunne, ya dube ni da tausayi.

"Chale, abokina, wannan ai tallar madara ce," in ji shi.

Na ce to laifi ne mutum ya yi waƙar farin ciki? Me ya sa kullum rap sai yunwa, sai kamun 'yan sanda, sai an kore mu daga gidan haya?

Ya ce, "In kana murna kana da wurin kai ta. Ga biki, ga suna, ga Sallah, duk unguwa za ta taya ka. In kana cikin wahala fa, ina za ka kai? Ka gaya wa dattijo, ya ce ka yi haƙuri. Ka gaya wa aboki, ya ce tasa ta fi taka. To mu nan muke kawo tamu, gaban wannan makirfon, shi kaɗai ne ba ya katse mu."

Awudu ya san abin da yake faɗa. A dako ya tashi a kasuwa, a barandar mutane ya yi kwana, kuma ƙanzon tukunyar Mma ya raya shi shekara da shekaru. Mai hankali da ya ji wannan magana sai ya girmama ta ya koma gida. Ni sai na ji cewa abin da na rasa kawai wahala ce, kuma tunda ba ni da tawa, sai in ara.

Haka na zauna na kwashe labarin Awudu na saka wa kaina. Na ƙara gishiri, na saka Mma a ciki don abin ya taɓa zuciya. Awudu ya gargaɗe ni, ya ce, "Cire tsohuwa daga ciki." Na ce ai fasaha ce, kuma Mma ba ta sauraron komai sai wa'azi a rediyo. (Ranar da na rera waƙar, sai da muka tsaya sau biyu saboda ina gyatsa.)

Waƙar ta ɗan zagaya a wayoyin samari, kaina ya kumbura. Ana haka bikin Rukayya ya taso.

Angon ɗan Tafo ne, gidan 'yan kasuwa masu rufin asiri. Shi ba shi da matsala. Matsalar gwaggonsa ce, Hajiya Memuna, wadda tun ranar gaisuwa take kallon gidanmu tana taɓe baki. An ce ta faɗa a gaban mutane cewa 'yar mai tallar abinci a bakin titi ba a san irin tarbiyyar da ta samu ba. Maganar ta dawo kunnen Mma. Na ga yadda ta shirya bikin nan kamar mai shirin yaƙi. So take dangin ango su zo su ga cewa daga gidan mutunci suka ɗauki mata, yadda gobe ba wanda zai yi wa Rukayya gori.

Ni aka ɗora wa neman mai kiɗa. Don in nuna na san gari, na tsallake duk na Zongo na ɗauko wani DJ daga Adum, can tsakiyar gari, Kwaku, mai manyan lasifikoki. Mutumin kirki ne, sai dai Hausarsa ba ta wuce ta sayen abinci ba. Na tura masa waƙata a waya na ce ya saka ta can da yamma, in iyaye mata sun watse, samari sun karɓi fili. Ya ce ba damuwa.

Kun san yadda muke yi. An tare layi da rumfuna, mata sun yi yayi, wato kaya iri ɗaya, dangin amarya gefe, dangin ango gefe. Bayan azahar akan kira uwar amarya ta fito tsakiya ta taka, ƙawayenta su kewaye ta suna liƙi, dangin ango su taso su yi mata kara. Wannan rawar ita ce ranar uwa. Shekara ashirin da wani abu tana hura wuta saboda ita.

Ina can bayan rumfa da faranti a hannu, cinyar kaza a baki, na ji mai sanarwa ya kira Mma. Ta fito cikin leshi fari, tana tafiya a hankali, kai a sama. Sai na ji muryar Kwaku a lasifika, da Hausarsa ta Adum:

"Yau Mma zai yi rawa da waƙan yaronshi! Yaronshi ne ya yi, da kanshi!"

Mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na zabura.

Daga baya Kwaku ya gaya mini gata ya so ya yi mini. Ya ji ina ambaton Mma a waƙar, ya ga taro ya cika, ya ce me zai sa a jira yamma. A lokacin dai ban tsaya tunanin dalili ba. Na ji kiɗan farko, mai sanyi, wanda Awudu ya ce zai sa mutane kuka. Tsakanina da teburin Kwaku akwai layin kujeru cike da hajiyoyi, ga kuloli, ga yara. Na kutsa ina "gafara, gafara", farantin yana hannuna don ko a wannan halin raina bai ba ni in ajiye ba. Ina ɗaga masa hannu ya kashe, shi kuma yana ɗago mini babban yatsa yana murmushi.

Mma ta fara takawa. Sai muryata ta cika layin:

"Na tashi gidan da tukunya ba ta hawa wuta,
Mma ta ce mu sha ruwa, barci zai rufa mana."

Guɗar ta ragu. Wata ƙawar Mma da ta ɗaga hannu za ta yi liƙi ta tsaya da hannun a sama. Na yi tuntuɓe da kula, na tashi, na ci gaba. Lasifikar nan da na yi ta fariya da ita ba ta ɓoye ko harafi ɗaya ba.

"Ƙanwata na kuka, ba ko garin kwaki,
Mun yi bara a layi, ba wanda ya duba mu."

Kafin in kai, Awudu ya riga ni, ya fizge wayar. Wurin ya yi tsit, har ana jin injin nika na bayan layi. A cikin wannan shirun Hajiya Memuna ta gyara mayafi, ta ce da murya wadda ba ta buƙatar lasifika:

"Ikon Allah. Ashe har bara amaryar tamu ta yi? Ai da an gaya mana tun farko."

Na hango Rukayya a kujerar amare ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Wallahi a ranar na so ƙasa ta buɗe, duk da na san sai an faɗaɗa ramin.

Mma ba ta dubi Hajiya ba. Ta waiwaya a hankali har idonta ya same ni, ta yafito ni da yatsa ɗaya. Na taho tsakiyar fili, maiƙo a leɓe, faranti a hannu, ƙashin kaza a ciki. Ta karɓi makirfo daga hannun mai sanarwa. Ta kama ni a kafaɗa ta juya ni gefen dangin ango, ta juya ni gefen namu, yadda ake nuna rago a kasuwa. Sannan ta ɗan buga tumbina da tafin hannu, sai da ya amsa a lasifika.

"Jama'a," ta ce, "ga marayan da ya kwana da yunwa. Ku taimaka masa."

Wata tsohuwa ce ta fara fashewa, sai layin gaba ɗaya ya ɗauka. Mata suna riƙe ciki, wasu na share hawaye. Wani direban trotro ya yi ihu daga baya, "Mma, in wannan ce yunwar gidanki, a ɗauke ni riƙo!" Ƙawayenta suka taso suna manna mini kuɗi a goshi suna cewa in je in sayi koko. Hajiya Memuna ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa, ta rufe baki da mayafi, daga ƙarshe ita ma ta taso ta yi wa Mma kara. Aka saka kiɗan gaske, Mma ta yi rawarta har ta gaji. Ni aka bar ni tsaye a tsakiya, ba wanda ya ce in tafi.

Na ɗauka an gama. Washegari da safe na same ta a bakin murhu tana tsince wake, na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka tuna shekarar da babanku ya rasu?"

Na ce na tuna kaɗan.

"Ka tuna ina yawan azumi?"

Na ce ƙwarai, har muna cewa Mma ta fi liman ibada. In ta zuba mana abinci muka ce ta zo mu ci, sai ta ce azumi take.

Ta ce, "Ka taɓa ganin na buɗe baki da magariba?"

Na yi ta lissafi, ban tuno ko sau ɗaya ba.

"An kwana da yunwa a gidan nan," in ji ta, "amma ba kai ba, ba Rukayya ba. Na ɓoye ta don kada ku san kamanninta. Kai kuma ka je ka aro ta wani ka saka a lasifika." Ta tura mini tiren waken. "Tsince. Awudu in ya yi tasa waƙar ina saurara, don shi ya san abin da yake faɗa."

Na zauna ina tsincewa, ina sharar hanci. Can na ce, cikin ƙaramar murya, "Mma, wannan labarin fa in aka yi masa waƙa..."

Ta ɗago ludayi. "Ka gwada. Ranar za ka san yunwar da kake ta nema."

Ban gwada ba. Abin da na koya dai shi ne, masu waƙar wahala suna yi ne don ta yi musu yawa a ciki, wasu kuma tasu ko a waƙa ba za su faɗa ba. Wanda bai da ita ya gode wa Allah, ya gode wa wadda ta tare masa, ya ci abincinsa ya yi shiru. Yanzu ni ke ɗaukar wa Mma tukunya zuwa bakin titi kowace safiya, kuma in ta ce mini azumi take, sai na zauna na ga ta sha ruwa da idona.