Rasuwar 'Yar Leƙe, Wadda Aka Dafa da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai tafasa kuma, nake sanar da rasuwar na'urarmu ta ɗakin masu rauni a ka, wadda muke kira 'Yar Leƙe.

Marigayiya ba ta taɓa huda kan kowa ba. Majinyaci zai rufe ido, in shafa masa mai mai sanyi a fatar idon, in ɗora bakinta a hankali. Sai ta ce "ƙit", ta nuna min jijiyar da ke bayan ido. In jijiyar ta kumbura, mun san ƙwaƙwalwa ta matsu a cikin ƙoƙon kai. In lafiya lau take, mutum ya tsira daga wuƙa. Ba ta da surutu, shi ya sa jininmu ya haɗu.

Ba ta yi jinya ba, kashe ta aka yi. Da aka ce manyan baƙi za su zo duba asibiti, shugaban sashenmu, wanda aka manta rabonsa da taɓa majinyaci, ya ba da umarni a zuba duk abin da ke taɓa jikin mutum cikin tukunyar turara kayan tiyata. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan goge ta ake yi, ba a dafa ta." Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ƙaramar likita, in za ki yi magana ki ɗaga murya." Ya wuce yana gyara wuyan rigarsa. Da rana ta fito a narke, bakinta a murguɗe.

Ta rasu ta bar wayar cajinta, da rabin kwalbar mai, da ni. Ta kuma bar wani magini da ya faɗo daga bene, kwance a gadon bakin taga. Yanzu sai an huda kansa an zura waya kafin a san abin da marigayiya ke faɗa cikin ƙiftawar ido. Matarsa ta riƙo min riga ta ce, "Likita, ina 'yar abar nan ta ido? Ba ke kika ce ba sai an fasa masa kai ba?"

Za a yi jana'iza ranar zuwan baƙin, a kan teburin shugaba, kusa da furensa na roba. Na yi mata likkafani da bandeji. Ni zan ɗauko gawa, matar magini na biye da ni da tambayarta. Ba a buƙatar lasifika. An ce in ɗaga murya, kuma tun jiya nake gwaji a banɗaki.