Bishiya a Bayan Babur

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo, kunnuwanmu na buɗe.

Wani ne, masinja a ofishin ilimi na wata gunduma. Ya daɗe yana aikin wucin gadi, har furfura ta fara leƙo masa a gemu ba a tabbatar da shi ba. Duk ƙarshen shekara sai a ce masa, "Baɗi." Shi kuwa ya ce, "Allah ya kai mu."

Farkon wata shekara aka kawo wa ofishin dashen bishiya goma sha biyu, kowace a bokitinta, daidai da yawan makarantun gundumar. Darakta ya kira shi ya ce, "Ka raba wa makarantu. In suka rayu zuwa ƙarshen shekara, zan tabbatar da kai. In suka mutu, ka bi su."

Mutumin ya yi tunani. Ya ga abin da abincinsa ya rataya a kai bai kamata a bar shi a hannun yara da awaki ba. Sai ya kwashe dashen ya jera a sito, bayan karyayyun kujeru da tsofaffin alluna, ya danna kwaɗo, ya rataya makullin a wuya. Kullum da safe yakan jijjiga kwaɗon, ya ji yana nan daram, ya yi hamdala.

Ana nan shekara ta zo ƙarshe. Darakta ya tara ma'aikata ya karanta musu labaran shekara. Yara ba sa zuwa makaranta. Azuzuwa na yoyo. Alli ya ƙare tun tsakiyar zango. Ya cire tabarau ya ce, "Amma muna da labari mai daɗi guda ɗaya, kuma na riga na aika wa ma'aikatar ilimi: kowace makaranta tana da bishiya. Jibi zan zaga in ɗauki hoto da kowace."

Aka yi tafi. Masinja ya fi kowa tafi. Ana watsewa ya je ya buɗe sito, ya tarar da busassun tsinkaye goma sha ɗaya a bokitai. Ta goma sha biyun ce ta dace da wani ɓuli a kwanon rufi, inda rana da ruwan sama ke zubo mata. Ta yi kore shar, ta kai masa kafaɗa. Har wata 'yar tsuntsuwa ta shigo ta ɓulin ta yi sheƙa a kanta.

Ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta ji labari ta riƙe haɓa ta ce, "Maigida, ko ni ka kulle haka ai da ka leƙa ni sau ɗaya."

Ƙaninta, mai haya da babur, yana zaune a bakin ƙofa yana cin rabon masinjan. Ya ce, "Mijin yaya, ai sai ka goya bishiyar, ka riƙa kai ta makaranta kamar 'yar fari."

Masinja ya ɗago kai ya dube shi.

"Babur ɗinka da mai?"

"Wasa fa nake yi."

"Ni ba wasa nake ba. Ajiye kwanon nan."

Kashegari suka zaga makarantun duka, masinja ya haƙa rami a bayan kowane aji na farko. Duk shugaban makarantar da ya tambaya, sai masinja ya ce, "Gobe taku za ta iso."

Ranar zagaye suka riga Darakta isa makaranta ta farko. Suka zura bishiya a rami har da bokitinta, suka tura ƙasa suka rufe bakin. Darakta ya iso, ya dafa reshe, aka ɗauki hoto. Daga nan ya shige ofis don ya sha ruwa, ya kuma yi faɗa a kan rashin zuwan yara, wanda ba ya barin makaranta sai ya yi shi. Masinja ya cafki bokiti ya ciro.

Shugabar makarantar ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ina za ka kai mana bishiya?"

"Rigakafi, Hajiya. Ba a yi mata allura ba."

"Ayya. To a yi mata a hankali."

Aka ɗaure bokiti a bayan babur. Ƙanin yana tuƙi, masinja yana rungume da bishiya, tsuntsuwa na bin su a sama tana zaginsu da yarenta.

A makaranta ta uku rana ta yi zafi. Darakta ya cire hularsa ya rataya a reshe don ya goge zufa, ya manta da ita ya shige ofis. Su kuwa garin sauri ba su lura ba. Da ya iso makaranta ta huɗu, kansa a buɗe, sai ga hularsa a kan bishiya tana lilo.

Ya tsaya. Ya dubi hula, ya shafa kansa, ya dubi masinja.

"Wannan ba hulata ba ce?"

"Ita ce, yallaɓai. Na ga kun manta, na rigo ku da ita."

"To me ya sa ka rataya ta a nan?"

"Don ku same ta inda kuka bar ta."

Darakta ya jinjina kai ya ce wa direbansa, "Ka ji ma'aikaci." Ya sa hula, ya ja baya ya ƙare wa bishiyar kallo. "Kuma ka lura, duk tsawonsu ɗaya. Ko yaran gundumar nan ba mu iya sa su sun yi ɗinki iri ɗaya ba. Har tsuntsu kowace tana da nata."

Direba ya ce, "Sai dai na nan kamar ya fi na baya haki, yallaɓai."

Matsalar ita ce duk makarantar da aka je sai an sa yara sun ba bishiya ruwa don hoto ya yi kyau. Bokiti ya yi nauyi, babur ya fara nishi. Tsakanin makaranta ta takwas da ta tara hanya ɗaya ce, kuma Darakta ya gajarta faɗansa ya riga su fita. Ba yadda za su yi sai su wuce motarsa. Masinja ya cusa kansa cikin ganye, ƙanin ya murɗa.

Direba ya kalli madubi, ya kalli taga, ya ce, "Yallaɓai, bishiya ta wuce mu."

Darakta bai ko ɗago daga takardar jawabin da yake karantawa ba. Ya ce, "Tun safe nake gaya maka kana jan jiki. Taka mota."

Direba ya taka. Aka yi ta tsere da bishiya har ƙofar makaranta, da ƙyar ta sha da tazarar gaisuwa.

Saura makaranta ɗaya, tayar baya ta ce ba da ita ba. Suka sauka suna turawa. Ƙanin yana cewa, "Da na san haka auren yayata zai zama, da tun ranar ɗaurin aure na yi magana."

Darakta ya isa makaranta ta ƙarshe. An jera yara, mai hoto ya shirya. Aka kai shi bayan aji, sai ga rami wayam, tsuntsuwa kuma tana shawagi a samansa tana neman gidanta. Can aka ji hayaniya a ƙofa. Maigadi ya rufe, yana cewa shi doka aka ba shi, duk wanda ya zo bayan ƙararrawa sai ya tsaya a waje. Ta saman ƙofar kuwa ana hango kan bishiya yana rawa.

Aka buɗe. Masinja ya shigo rungume da bokiti, laka har gira. Tsuntsuwa ta sauka a sheƙarta ta yi shiru.

Darakta ya dubi rami, ya dubi bokiti. Sannan a hankali ya ce, "Bishiya nawa gare mu?"

"In makaranta-makaranta za a bi, yallaɓai, goma sha biyu."

"In bishiya-bishiya za a bi fa?"

"Ga ta nan."

"Ka ba ni makullin sito. Daga yau ba ka da aiki."

Masinja ya ce, "Yallaɓai, a duba mata. Tun safe kuke faɗa yara ba sa zuwa makaranta ɗaya. Ita yau goma sha biyu ta je, sau ɗaya ta yi latti."

Darakta ya miƙa hannu yana jiran makulli. Sai direba ya matso ya yi ƙasa da murya. "Yallaɓai, baƙin nan na ma'aikatar ilimi da kuka gayyata, ba farkon zango za su zo ganin bishiyoyin ba?"

Hannun Darakta ya tsaya a iska. Ya tuna shi da kansa ya sa hannu a labarin. Ya dubi bishiya, ya dubi babur, ya dubi mutumin da ya san duk wata ɓarauniyar hanya tsakanin makarantun gundumar. Ya mayar da hannunsa aljihu.

"An tabbatar da kai," in ji shi. "Kai da babur ɗin."

Masinja ya durƙusa yana godiya, bokiti na ɗiga masa a gwiwa.

Darakta ya ce, "Kada ka yi saurin godiya. Akwai shirin baɗi, shi ma na riga na aika. Na yi alkawarin kowace makaranta za ta sami bishiya biyu. Sai ka gaya mini yadda za mu yi."

Masinja ya share laka daga ido ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, yallaɓai. A sayo babban madubi. Guda ɗaya ma ya isa, akwai sauran wuri a babur."

Ƙurunƙus, kan 'yar tsuntsuwa.