Allurar da Ta Ceci Ragon Suna

Na manta abubuwa da yawa a tsufan nan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata ta fari ba.

A lokacin ina ɗan kiwon awaki a bayan gidana a Agege. Wani likitan dabbobi ya taɓa gaya min cewa jikin akuya ba ya riƙe maganin tsutsar ciki, hantarta kan sarrafa shi da wuri ta fitar, shi ya sa ake ƙara mata fiye da na tunkiya. Daga wannan magana guda na naɗa kaina likitan unguwa. (Har maƙwabta sun fara kirana Dokta, ni kuwa ina amsawa.)

Da matar ɗana Sani ta haihu a gidan iyayenta a Ikorodu, na ce ragon suna nawa ne. Na sayo ƙaton rago fari, na ga yana ɗan zawo. Ana gobe suna na danna masa allurar tsutsa, na ninka irin yadda nake yi wa awaki. A lissafina, tunda akuya ƴar ƙarama tana fitar da magani da wuri, ai ƙaton rago kafin safiya ya gama fitarwa.

Muka shiga danfo, wato ƙaramar bas ta haya, da sassafe, rago a but, ni a gaba cikin babbar riga. A ƙofar gidan surukai an shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, mahauci na wasa wuƙa, kowa na yaba rago. Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na gyara murya na ce, “Ai wannan tsaf yake ciki da waje. Jiya-jiya na yi masa allurar tsutsa da hannuna, ninki biyu.”

Wani dattijo da ke gefe, ƙanin mahaifin mai jego, ya ajiye goronsa. Ashe aikinsa ke nan, duba nama a mayanka.

“Alhaji, jiya ka ce?”

“Jiya da la'asar.”

“To Alhaji, a kwance ragon nan, kada a yanka shi. Allurar a hankali take shiga jini daga ƙarƙashin fata, ta kwanta a kitse, ta riƙa fita ta kashi kaɗan-kaɗan. Tunkiya ta fi akuya riƙe ta. Sai an yi makonni kafin a ci namansa, balle a ba mai jego.”

Na ce, “Amma akuya...”

Ya ce, “Ita ma akuyar ba a kwana ɗaya take fitarwa ba.”

Mahauci ya mayar da wuƙa kube. Sani ya sunkuyar da kai. Daga cikin gida na jiyo wata tsohuwa tana cewa, “Kakan ya kawo mana rago ne ko majinyaci?”

Aka yi suna da ragon mahaifin mai jego, wani siriri da ya ajiye don layya. Ni na koma Agege da nawa, yana ta kuka a but kamar yana min dariya.

Bayan wata biyu na mayar musu da shi a madadin nasu. Tun daga ranar, in aka ce “Dokta” a layinmu, nakan waiga tare da kowa in ga wa ake nufi.